Shekara 19 Ba a Raba Ko Kwabo Ba: Nazarin Hannun Jarin Greatland Gold

Wanda ya saba da hannun jarin banki ko na kamfanin siminti ya san yadda shekara take tafiya. A rufe lissafi, a kira taron masu hannun jari, a sanar da abin da kowane hannu zai samu, kuɗi su shiga asusu. Da wannan sabo ne mutane da yawa suke faɗawa cikin hannun jarin ƙananan kamfanonin neman ma'adinai. Sun ga farashi ya yi arha, sun ji an ce kamfanin ya dace da zinare, sun saya da yawa, sai su zauna jiran ranar rabo. In shekara biyu ta wuce shiru, tambaya ta taso: wai yaushe za a fara raba riba?

Kamfani ɗaya na ɗauka don bin diddigin wannan tambaya, wato Greatland Gold, kuma na zaɓe shi ne saboda yana cikin 'yan tsirarun da suka dace. Neman ma'adinai allura ce cikin ruwa. Mafi yawan kamfanonin da ke wannan sana'a kuɗinsu yakan ƙare ba su gano abin da ya isa a gina mahaƙa a kansa ba. Shi kuwa Greatland ya gano ɗaya daga cikin manyan ma'adanan zinare da tagulla da aka samu a Ostireliya a shekarun baya-bayan nan, har ya kai ga mallakar mahaƙa mai aiki. Duk da haka, daga shigarsa kasuwa a 2006 zuwa tsakiyar 2025, inda wannan nazari ya tsaya, bai raba wa masu hannun jarinsa komai ba. In haka lamarin mai sa'a ya kasance, ya kamata mai niyyar sa kuɗinsa a irin wannan kamfani ya san dalili tun kafin ya saya.

Kamfanin da ba ya sayar da komai

A watan Yulin 2006 aka fara cinikin hannun jarin Greatland a kasuwar AIM ta Landan. Wannan kasuwa an buɗe ta ne a 1995 domin ƙananan kamfanoni, kuma ba a tilasta wa mai shiga ya nuna tarihin ciniki ko riba. Ita da TSX Venture ta Kanada da ASX ta Ostireliya, a nan akasarin masu neman ma'adinai na duniya suke tara kuɗinsu. Abin da Greatland ya shigo da shi lasisin bincike ne a tsibirin Tasmaniya, wanda aka fi sani a ciki shi ne Firetower, daga baya ya ƙaro wasu filaye a Yammacin Ostireliya.

Lasisin bincike izinin dubawa ne kawai, kuma da nauyinsa yake zuwa. Akwai kuɗin haya na shekara, akwai sharaɗin kashe wani adadi a filin, in an gaza a rasa shi. Kamfani zai biya masana duwatsu, ya auna maganaɗisun ƙasa, ya yi hayar injin huda dutse, ya aika samfur ɗakin gwaji. Duk wannan fita ce, babu shiga. In ka buɗe rahoton shekara na irin wannan kamfani, layin ciniki fanko ne, layin ƙarshe kuma hasara, bana kamar bara. To da me ake aikin? Da sababbin hannayen jari da ake bugawa a sayar. Kuɗi ya kusa ƙarewa, a buga wasu, galibi a farashin da ya gaza na kasuwa don a samu masu saye.

Ma'ana, hanyar kuɗin a juye take. A kamfanin da ya kafu, kuɗi daga kamfani suke fitowa su tafi wurin masu shi. A nan daga aljihun masu shi suke fita su shiga cikin dutse. Shi ya sa in na ga kamfanin da bai taɓa sayar da giram ɗaya ba yana alkawarin rabon riba, tsoro nake ji, domin abin da zai miƙa maka kuɗinka ne, ko na wanda ya shigo bayanka.

Shekara goma Greatland ya yi a wannan hali. A 2016 hannun jarinsa ɗaya bai kai kwabo ba, kuma duk inda na ce kwabo a nan, na fam ɗin Ingila nake nufi, ɗaya cikin ɗari.

Havieron

A 2016 ɗin ne kamfanin ya sayi lasisin wani fili mai suna Havieron da ɗan kuɗi kaɗan haɗe da hannayen jari. Filin yana yankin Paterson, cikin hamadar Yammacin Ostireliya, a ƙasar gadon al'ummar Martu, kilomita 45 gabas da tsohuwar mahaƙar zinare ta Telfer. Ba sabon wuri ba ne ga masu bincike. Kamfanin Newcrest, mai Telfer a lokacin, ya huda 'yan ramuka a wurin tsakanin 1991 da 2003, ya ga alamar zinare, ya bar shi. Abin da ya sa wurin wuya shi ne ma'adanin a binne yake ƙarƙashin kimanin mita 420 na dutsen da ba ya ɗauke da komai. Kafin injin ya taɓa abin da ake nema, ya riga ya ci kuɗin huda kusan rabin kilomita.

Greatland ya huda nasa ramukan a 2018. Na farko, HAD001, ya ratsa mita 121 mai ɗauke da giram 2.93 na zinare a kowane tan. Na biyar, HAD005, shi ya girgiza kasuwa: mita 275, giram 4.77 na zinare a tan, ga tagulla kashi 0.61 cikin 100. Wanda bai san harkar ba zai ga giram biyar cikin tan guda na dutse ba wani abu ba ne. Amma akwai mahaƙu da yawa a duniya da ke aiki da abin da bai wuce giram ɗaya a tan ba. A samu kusan biyar a tsawon mita 275 abu ne da masanin duwatsu zai iya gama aikinsa bai taɓa gani da idonsa ba.

Sai dai gano abu daban, auna girmansa daban. Ana bukatar ramuka ɗaruruwa, da yawansu sun haura kilomita ɗaya a zurfi, kuma kamfani mai ma'aikata 'yan ƙalilan ba shi da wannan ƙarfi. A watan Maris na 2019 Greatland ya ƙulla yarjejeniya da Newcrest: Newcrest zai kashe har dalar Amurka miliyan 65 a filin, mataki-mataki, a madadin haka ya mallaki har kashi 70 cikin 100, sannan in an fara haƙa a kai dutsen masana'antar Telfer a sarrafa. A ganina shawarar daidai ce. Kashi 30 na abin da za a iya ginawa ya fi kashi 100 na abin da ba ka da halin tonowa. Amma mai jiran riba ya lura da abin da ya faru: tun kafin a fitar da tsakuwa ɗaya, kashi bakwai cikin goma na ma'adanin ya koma hannun wani, kuma jadawalin aikin ya koma hannunsa.

Shekarar 2020 ta zo da zazzaɓi. Sakamakon ramukan Newcrest yana fitowa bi da bi, farashin zinare ya haura dala 2,000 a kowace oza (ma'aunin zinare, kimanin giram 31) a watan Agusta a karon farko a tarihi, jama'a na zaune a gida saboda annoba suna saye da sayarwa ta waya. Hannun jarin da ya shiga shekarar ƙasa da kwabo 2 ya fita daga cikinta sama da kwabo 35. Darajar kamfanin a kasuwa ta wuce fam biliyan ɗaya, alhali bai sayar da oza ko ɗaya ba.

A Disambar wannan shekara aka fitar da ƙiyasin farko na abin da ke ƙasa: tan miliyan 52, mai ɗauke da oza miliyan 3.4 na zinare da tan dubu 160 na tagulla. Mutane da yawa sun ɗauki wannan adadi suka ninka shi da farashin zinare suka ga biliyoyi. A nan ne ake yawan zamewa. Ƙa'idar JORC, wadda kamfanonin da ke aiki a Ostireliya suke bi wajen bayyana ma'adinai, ta kasa ƙiyasi hawa uku gwargwadon yawan ramuka da kusancinsu: na zato, na alama mai ƙarfi, da wanda aka auna sosai. Ƙiyasin Disambar 2020 dukkansa a hawa na ƙasa yake. Kuma ko na hawan sama ba a kiransa ajiyar da za a haƙa sai injiniyoyi sun nuna cewa za a iya fito da shi a ci riba bayan an cire duk ɗawainiya. Da aka yi wannan lissafi a nazarin share fage na Oktoban 2021, ajiyar farko ta tsaya a tan miliyan 14 da oza miliyan 1.6, kuma kashi 30 ne kawai na Greatland a ciki. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai waɗanda suka yi arziki a 2020, babu shakka. Wanda ya saya a kwabo 2 ya sayar a 30 ya ninka kuɗinsa sau 15. Amma a duba daga ina kuɗin suka fito: daga aljihun wanda ya saya a hannunsa. Ribar hannun jarin mai neman ma'adinai ta wannan ƙofa take zuwa, ko ta ranar da babban kamfani ya saye ƙaramin ɗungurungum, kamar yadda Kinross ya sayi Great Bear Resources na Kanada a kan kimanin dalar Kanada biliyan 1.8 a farkon 2022, shi ma bai haƙo komai ba tukuna.

Tsakanin zinare a ƙasa da kuɗi a hannu

An fara tona ramin gangare da manyan motoci za su bi su isa ma'adanin a 2021. Nazarin Oktoban 2021 ya sa ran fara samar da zinare a shekarar kuɗi da ke ƙarewa a Yunin 2024. Dutsen da ya rufe Havieron kuwa yana da shimfiɗun ruwan ƙarƙashin ƙasa da dole ramin ya ratsa. A ƙarshen 2023, bayan an tona sama da kilomita 2, aka dakatar da aikin kafin a isa shimfiɗar ruwa ta ƙarshe, don a rage ƙarfin ruwan a kuma tsara inda za a zubar da shi. Yunin 2024 ya zo ya wuce babu zinare.

Ba na ɗaukar wannan jinkiri a matsayin gazawar wani. Haka gina mahaƙa yake. Hukumar Makamashi ta Duniya, a rahotonta na 2021 kan ma'adinai, ta nuna cewa manyan mahaƙun da suka fara aiki a shekaru goman da suka gabata sun ɗauki sama da shekara 16 a matsakaici daga ganowa zuwa fara fitar da kaya. In aka fara ƙirga wa Havieron daga ramukan 2018, a tsakiyar 2025 shekararsa bakwai kacal.

Abin da ya fi jinkirin nauyi ga mai hannun jari shi ne wanda zai ciyar da aikin a lokacin jiran. Da Newcrest ya cika nasa alkawari, sai ya zama kowa ya kawo kasonsa na kuɗin gini, kuma kashi 30 na gina mahaƙar ƙarƙashin ƙasa ya fi ƙarfin kamfanin da ba shi da ciniki. A Nuwamban 2020 Newcrest ya ba Greatland rancen dala miliyan 50, da sharaɗin in an fara haƙa, mafi yawan abin da kason Greatland ya samar zai tafi biyan bashin tukuna. A 2022 aka sake buga hannayen jari a kwabo 8.2, ƙasa da rubu'in farashin ƙarshen 2020. Kamfanin Wyloo na attajirin Ostireliya Andrew Forrest ya zuba dalar Ostireliya miliyan 60 a wannan farashi, bankunan ANZ da HSBC da ING kuma suka yi alkawarin rancen dalar Ostireliya miliyan 220. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan labari ne mai daɗi a ranar da aka sanar da shi, domin aikin bai tsaya ba. Kowane ɗaya kuma ko dai ya ƙara yawan masu rabo, ko ya ƙara wani a gaban layi.

Wani abu ya faru a Agustan 2022 da nake ganin ba a cika tsayawa a kansa ba. Yarjejeniyar 2019 ta ba Newcrest damar sayen ƙarin kashi 5 a farashin da aka ƙimanta. Ƙimar ta fito dala miliyan 60, Newcrest kuma ya ce ya haƙura. A yi lissafi: in kashi 5 dala miliyan 60 ne, dukan Havieron dala biliyan 1.2 ke nan, kashi 30 na Greatland kuma dala miliyan 360. Gaskiya ne an yi ƙimar bisa ƙa'idojin yarjejeniya da bayanan da ake da su a lokacin, kuma ma'adanin ya ci gaba da girma bayan haka. Duk da haka, a ajiye wannan adadi kusa da fam biliyan ɗaya da ɗoriya da kasuwa ta yi wa kamfanin kuɗi a ƙarshen 2020, za a ga nawa ne a cikin farashin wancan lokaci zinare, nawa ne kuma buri.

Ranar da ƙaramin ya sayi gidan babba

A Nuwamban 2023 Newmont na Amurka, mafi girman masu haƙar zinare a duniya, ya haɗiye Newcrest. A Fabrairun 2024 ya sanar da jerin kadarorin da zai rabu da su, Telfer da kason Havieron suna ciki. Greatland yana da haƙƙin ya biya daidai da duk tayin da wani ya yi a kan wannan kashi 70 kafin a sayar wa wanin. A Satumbar 2024 aka sanar da ciniki: Greatland zai karɓi Telfer da sauran Havieron a kan abin da zai iya kaiwa dala miliyan 475. Daga ciki, miliyan 207.5 tsabar kuɗi ne har da biyan tsohon rancen nan, miliyan 167.5 hannayen jari ne da aka ba Newmont, sauran miliyan 100 kuma sai Havieron ya fara aiki, gwargwadon farashin zinare a lokacin. Don haɗa kuɗin, kamfanin ya tara kimanin dala miliyan 325 ta hanyar buga sababbin hannayen jari a kwabo 4.8. An kammala cinikin ranar 4 ga Disamba, 2024.

Kafin cinikin, hannayen jarin kamfanin kusan biliyan 5 ne. Bayansa sun koma kimanin biliyan 13. Mai riƙe da hannu miliyan ɗaya, wanda a da yake da ɗaya cikin 5,000 na kamfanin, ya wayi gari da ɗaya cikin 13,000, bai sayar da komai ba.

Wannan shi ake kira ƙanƙancewar kaso, kuma shi ne babban abokin gabar mai jiran riba. Amma adalci ya sa in ce ba kowane ƙanƙancewa ne cuta ba, sai an duba abin da aka saya da shi. A da, hannaye biliyan 5 suna raba kashi 30 na Havieron, wato kowane biliyan yana da kashi 6. Bayan cinikin, biliyan 13 suna raba kashi 100, kowane biliyan yana da kusan kashi 7.7. Rabon kowane hannu a Havieron ya ƙaru ke nan, ga kuma Telfer a kai, da masana'antarta mai iya niƙa tan miliyan 20 a shekara, da tashar wuta da filin jirgi da sansanin ma'aikata waɗanda da sai an gina su daga tushe. Irin bugun hannun jarin da ke cutarwa shi ne wanda ake yi shekara bayan shekara don biyan albashi da hayar ofis, fili kuma yana nan yadda yake. Shi ne ya fi yawa a wannan kasuwa, kuma ana gane shi cikin sauƙi: a jera adadin hannayen jari na shekara biyar, a jera abin da aka gano a shekarun, a ga wanne ya fi saurin girma.

Sa'a ta sake zuwa. Watanni uku bayan karɓar Telfer, zinare ya haura dala 3,000. A ƙarshen Yunin 2025 Greatland yana da tsabar kuɗi dalar Ostireliya miliyan 575, babu bashin banki. A watan ne kuma aka mayar da uwar kamfanin Ostireliya da sunan Greatland Resources, aka sa shi a kasuwar ASX, aka haɗe kowane tsoffin hannaye 20 suka zama sabo ɗaya. Haɗewar ba ta ƙara wa kowa komai ba, ba ta rage ba, adadi ne kawai ya sauya. An sayar da sabon hannun a dalar Ostireliya 6.60, abin da ya yi daidai da kusan kwabo 16 a tsohon lissafi. Wanda ya shiga a kwabo 4.8 kuɗinsa ya ninka fiye da sau uku cikin wata tara. Wanda ya shiga a kwabo 35 kuwa, bayan shekara huɗu da rabi bai maido rabin kuɗinsa ba. Kamfani ɗaya, ma'adani ɗaya.

Ga kuɗi, ina rabo?

Yanzu tambayar farko ta samu wurin zama, domin a karon farko akwai ciniki, akwai rara. Me ya hana a raba?

Kuɗin da ke asusun mahaƙa suna da masu su tun kafin su shigo. Ma'aikata da 'yan kwangila da masu kawo gas su ne a gaba. Gwamnatin Yammacin Ostireliya tana karɓar kashi 2.5 cikin 100 na darajar zinaren da aka fitar, ko an ci riba ko ba a ci ba, gwamnatin tarayya kuma tana da harajin kashi 30 a kan riba. Wanda ya sayi Telfer ya sayi nauyin gyara ƙasar bayan an rufe ta, ramuka da tsibin ɓaraguzai da madatsun laka na kusan shekara hamsin. Ita Telfer ɗin tun 1977 ake haƙarta, kuma abin da aka tabbatar ya rage a cikinta lokacin ciniki na 'yan shekaru ne kaɗan, sai an kashe kuɗi a huda sababbin ramuka a buɗe sababbin sassa kafin a tsawaita ranta. Ga dala miliyan 100 na Newmont suna jira. Sama da duka ga Havieron, dalilin duk wannan tafiya, ba a gama gina shi ba. Duk dalar da aka raba yau, gobe sai an ranto ta da ruwa ko a buga sabon hannun jari a maye gurbinta. In kuma an ɗauki rancen gini, bankuna ba sa barin a raba riba sai mahaƙa ta kammala ta ci jarrabawar aiki, an kuma fara biyansu. Da ni ne a kujerar hukumar kamfanin a tsakiyar 2025, da ban goyi bayan rabo ba, kuma mai hannun jarin da ya fahimci lissafin bai kamata ya nema ba.

Doka ma tana da nata shinge. A Birtaniya, sashe na 830 na Dokar Kamfanoni ta 2006 ya ce ba a raba riba sai daga ribar da aka tara bayan an cire hasarar da aka tara. Kamfanin da ya yi shekara goma sha yana rubuta hasara, ribar farkonsa ramin baya take fara cikewa, sai dai in ya je kotu an amince masa ya rage jarinsa a takarda don share tsohuwar hasara. A Ostireliya, sashe na 254T na dokar kamfanoninsu ya ɗora sharaɗin a kan cewa kadara ta fi bashi, rabon ya zama adalci ga masu hannun jari baki ɗaya, kuma kada ya raunana ikon biyan masu bin bashi. Wannan ya fi sauƙi, amma izini ne kawai, ba ya tilasta wa hukumar kamfani ta raba.

A ce ma ranar ta zo. Misali ne nake bayarwa don lissafi: a ce kamfanin ya ware fam miliyan 100 a shekara don rabo. A kan tsoffin hannaye biliyan 13, kowane hannu zai samu kusan kwabo 0.77. Ga wanda ya saya a 4.8, wannan kashi 16 cikin 100 ne na kuɗinsa a shekara. Ga wanda ya saya a 35, kashi 2 ne da ɗan ɗoriya, bayan shekarun da ya yi bai karɓi komai ba. Sannan rabon mahaƙa ba kamar na banki ba ne, domin kowace oza da aka sayar ta tafi ke nan, ba ta sake tsirowa. Wani ɓangare na abin da ake kira riba, a gaskiya uwar kuɗinka ce ake maido maka kaɗan-kaɗan kafin ramin ya ƙare.

Akwai waɗanda suka kai ga rabo. Atalaya Mining ya shiga AIM a 2005 da sunan EMED, ya farfaɗo da mahaƙar tagulla ta Riotinto a kudancin Sifaniya, ya fara cikakken aiki a 2016, ya raba ribarsa ta farko a ƙarshen 2021. Shekara 16, biyar daga ciki bayan mahaƙa ta riga ta fara aiki. Akwai kuma waɗanda suka faɗi a tsakiyar hanya da ma'adani na gaske a hannunsu. Sirius Minerals yana da katafaren ma'adanin taki a arewacin Ingila da ƙananan masu hannun jari kimanin 85,000, da yawansu sun zuba ajiyar tsufansu. A Satumbar 2019 ya kasa sayar da takardun bashi na dala miliyan 500 da sauran kuɗin ginin suka rataya a kansu. A Maris na 2020 Anglo American ya saye shi a kwabo 5.5 kowane hannu, bayan ya taɓa haura kwabo 40 a 2016. Ma'adanin yana nan, amma na wasu ne yanzu. Abin da ya raba Greatland da wannan ƙarshe shi ne ya samu mai ɗaukar nauyin huda a 2019, ya kuma samu mahaƙa mai kawo kuɗi daidai lokacin da zinare ke tashi. Na biyun ba dabarar kowa ba ce.

Saboda haka in aka tambaye ni makomar rabon riba a hannun jarin Greatland kamar yadda abubuwa suke a tsakiyar 2025, amsata ita ce mai yiwuwa ne, abin da ba zan iya faɗa ba a 2020, amma akwai abubuwan da za su riga shi zuwa. Sai an fitar da cikakken nazarin gina Havieron an san nawa zai ci, an yanke shawarar ginawa, an san nawa za a ɗauka daga asusu nawa daga banki, Telfer ta ci gaba da ciyar da masana'anta har dutsen Havieron ya iso, zinare kuma bai faɗi ba a tsakani. A lokacin da aka buga ƙararrawar shigar kamfanin kasuwar ASX a Yunin 2025, ramin gangaren Havieron yana tsaye inda aka bar shi a ƙarshen 2023, saman shimfiɗar ruwa ta ƙarshe, saura kimanin mita 80 a miƙe zuwa ƙasa kafin a taɓa kan ma'adanin.